Turakun Siminti a Gonar Baba

Asabar, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Babu wuta. Ban san abin da ya sa nake ci gaba da rubuta haka ba, tunda tun kafin azumi aka zo da mota aka ɗauke taransifomar garinmu, wai za a gyara. Azumi ya wuce, salla ta wuce, wayoyin suna nan a sama kurciyoyi na hutawa a kai. Hannuna ne dai ya saba.

Zafi ya kai inda ya kai. Jiya 'yan ajina sun yi ta gyangyaɗi, ban iya yi musu faɗa ba.

Maigidana Tasi'u ya dawo da fara'a. A bakina Baban Luba ne, amma a nan ina iya rubuta sunansa. Ya shigo da hular kwano da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi. Kamfanin da aka ba aikin gina tashar sola a yammacin gari ya ɗauke shi, shi zai riƙa shiga tsakaninsu da mutanen gari. Shagon waldarsa ya daɗe a rufe, babu wuta, man janareta kuma ya fi ƙarfin kowa. Na sha ganin mutumin nan ya fita da sassafe ya zauna a ƙofar shago, don kawai kada a ce yana gida. Na yi murna, Allah ya sani.

Sai da ya ci abinci ya wanke hannu sannan ya ce filin da aka auna ya tashi daga bakin burtali har zuwa tsohuwar rijiya. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Na biyo ta gonar Baba zuwa makaranta. An kafa turakun siminti, an shafa musu jan fenti a ka. Ɗaya yana gindin ɗorawar da Inna take tsintar kalwa.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan azahar

An yi taro a filin makarantarmu. Maza a kan bencinan yara, mu mata a baya, jikin bango.

Mace ce ta yi bayani, Injiniya Rukayya, ta ce ita 'yar Gezawa ce. Ba ta yi mana Turanci ba, wannan kam na yaba. Ta ce injinan da ƙasar nan take dogaro da su sun tsufa, layin da ke kawo wuta Arewa dogo ne, abu kaɗan sai ya faɗi kowa ya shiga duhu. Ta ce gwamnati na son gyara harkar tun daga tushe, kuma abin da Allah ya hore mana a nan shi ne rana. Ta ce ita ma da fitilar ƙwai ta yi karatu. An tafa mata. Tasi'u yana tsaye a gefenta da rigarsa mai ƙyalli, yana ta gyaɗa kai.

Sai Baba ya miƙe. Mutane suka yi tsit, domin Malam Nababa ba mai magana a taro ba ne.

“Yarinya, wutar nan in an haɗa ta, gidajenmu za ta fara shiga?”

“A'a, Baba. Babban layi za ta fara hawa. Garinku yana kashi na biyu.”

“Kashi na biyun yaushe ne?”

“Ban sani ba, Baba.”

Ya tambaye ta inda zai yi noma bana. Ta ce za a biya diyya. Ya ce ya ji, amma daga nan har Ɗanbatta gona jingine take da gona, babu dajin da za a sara, babu kuma mai sayar da tasa, to ina zai kai garmarsa? Kafin ta amsa dagaci ya ɗaga hannu ya ce a bar wasu su ma su yi magana. Babu wanda ya ƙara cewa komai. Aka raba ruwan leda, aka tashi.

Ruwan da sanyi ƙarara. Na kasa daina tunanin inda suka samo shi.

Lahadi, 12 ga Mayu, da yamma

Babu wuta. Rediyo ta ce babban layin ƙasa ya sake faɗuwa, birane duk suna cikin duhu. To, sannunsu da zuwa.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan sallar asuba

Jiya Tasi'u ya zaunar da ni. Ya ce in je in lallashi Baba, tunda yana jin maganata, sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce yawancin masu gonaki sun amince, saura Baba da Yaya Sama'ilu da wasu tsiraru. Ya ce aikin nan da mu da babu mu za a yi shi, gara mutum ya bayar da mutuncinsa. Ya ce in tuna yadda muka yi bara, lokacin da Luba ta kwanta kuma ba mu da ko na mota zuwa asibiti.

Na tuna. Ba sai ya tuna mini ba.

Na ce zan je.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Na je gida. Na tarar da Baba yana loda wa jaki taki a mangala, shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa riga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Uwata, an aiko ki ne?” Na ce gaisuwa kawai na zo. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce madalla, to in kama masa bakin mangalar.

Na kama. Muka tafi gonar tare kamar lokacin da nake yarinya. Ya riƙa zuba takin tsibi-tsibi, yana kewaye turakun nan kamar bai gan su ba. Ya nuna mini inda zai sa gero, inda zai sa gyaɗa, ya ce waken bana a gefen rijiya zai yi shi don bara ya ga wurin ya karɓa. Yana magana yana haki. Baba ya tsufa, ban lura ba sai yau.

Da na dawo Tasi'u ya tambaye ni yaya. Na ce na faɗa masa. Allah ya yafe mini.

Talata, 21 ga Mayu, da rana

Babu wuta. Hadari ya taso daga gabas, iska ta watsa shi.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan magariba

An fara kawo kaya. Manyan motoci suna ta wucewa ta bayan makaranta, ɗauke da ƙarafa da akwatuna da naɗin waya mai ƙaya. Matasan gari sun yi layi suna neman aikin dako. 'Ya'yan waɗanda aka karɓe wa gona ne a gaba a layin.

Yaya Sama'ilu ya tare Tasi'u a ƙofar masallaci. Ban san abin da aka faɗa ba, amma matar Yaya, Kaltume, ta ce sai da liman ya shiga tsakani. Tasi'u ya dawo bai ci tuwo ba. Ya ce yayana yana zuga yara, kuma abin ba zai yi kyau ba. Na ce Yaya gonarsa yake karewa. Ya ce shi kuma gidansa yake ciyarwa. Luba ta dube ni, ta dube shi, ta ɗauki kwanonta ta koma ɗaki.

Mutanen nan biyu tare suka yi makarantar allo. Yaya ne ma ya fara kawo shi gidanmu.

Talata, 28 ga Mayu, da safe

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Ƙanshin ƙasa ya cika gari. Duk shekara irin wannan safiya nakan ji kamar an sauke mini kaya. Yau ban ji haka ba.

An yi shela cewa kada kowa ya yi shuka a cikin filin da aka auna. Tasi'u ne ya bi mai shelar unguwa-unguwa.

Tun kafin rana ta fito Baba ya saɓa sungumi. Yaya yana sara, Baba yana bi yana zuba iri yana takewa. Inna ma ta fita, ita da ta yi shekaru ba ta taka gona ba saboda ƙafa. An ce wasu ma sun bi sahu.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan azahar

Geron ya tsiro. Na je na gani da idona, layi-layi, kore shar. Turakun suna tsaye a tsakiya.

Tasi'u ya daina zuwa gaishe da Baba. Ya ce kunya yake ji. Ni ban san sunan abin da yake ji ba.

Laraba, 5 ga Yuni, da magariba

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, da hantsi

Ina gidanmu. Na taho da Luba da kaya kala biyu. Ban je makaranta ba.

Inna ba ta daina kuka ba. Kaltume tana zaune a ƙofar ɗaki da goyo, ba ta kuka, ba ta magana, ita ce ta fi ba ni tsoro.

Jiya muna aji muka ji ƙarar katafila. Yara suka ruga taga. Daga can ana hango kan ɗorawa, sai na ga kan yana karkata a hankali, sannan babu shi. Ban san itace yana ƙara haka in zai faɗi ba.

Sauran a bakin mutane na ji. Baba ya tsaya a gaban motar, aka janye shi. Samari suka cika gonar. Aka yi jifa. Dutse ya sami direban a ka, aka ɗauke shi jina-jina. Kowa da wanda yake cewa ya gani, babu biyun da bakinsu ya zo ɗaya.

Bayan azahar masu bindiga suka zo. Baƙi ne, ba su san kowa a garin nan ba. Amma ba su yi tambaya ba, ba su yi ɓatan hanya ba. Kai tsaye ƙofar Yaya suka nufa, suka kira shi da sunansa da sunan ubansa, suka tafi da shi.

Juma'a, 7 ga Yuni, bayan sallar asuba

Inna ta ce, “Barira, wa ya san lungun nan in ba ɗan gida ba?”

Na ce ban sani ba. Ta ce ai ba tambayata take yi ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Baba ya je Ɗanbatta inda ake tsare da Yaya, ya dawo bai gan shi ba. An ce ya koma gobe. Ya tafi da ragon da yake kiwo don layya, ya dawo da igiya a hannu.

Shi kuma, mijin nawa, ya zo ƙofar gida ya yi sallama. Ban fita ba. Baba ne ya fita. Ina jin su ta zaure: ya gaishe da Baba, Baba ya amsa, ya tambaye shi aiki, ya ce alhamdulillahi. Baba ya ce madalla. Shi ke nan. Sannan na ji tashin babur. Sabon babur ne, ban san ƙararsa ba.

Alhamis, 13 ga Yuni, da rana

Na koma aiki. Ta wajen na bi, ita ce hanyar da na saba. An zagaye filin da waya. An baje shi sumul kamar faranti, ba za ka ce an taɓa shuka komai ba. Ban iya gane inda gonarmu ta tsaya ba, inda ta maƙwabta ta fara. Na tsaya ina neman rijiyar don in yi kwatance, ashe an cike ta.

Gungumen ɗorawar yana gefen hanya, mata suna ta sarar rassan suna kaiwa gida. Ban ga laifinsu ba, itace ya yi tsada. Amma har da matar da Inna take ba daddawa kyauta duk shekara.

A ofishin malamai ana ta gardama. Wani ya ce ci gaba ba ya zuwa sai an yi hasara. Na tambaye shi me shi ya yi hasara. Ya ce ba da ni yake ba.

Babu wuta. Na rubuta don in ga ko har yanzu abin yana damuna. Ba ya damuna.

Juma'a, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Baba ya ga Yaya. Da ya dawo Inna ta tambaye shi yaya ya same shi. Ya ce yana gaishe ku. Ta sake tambaya, ya sake cewa yana gaishe ku. Ya shiga ɗaki ya jawo ƙofa.

Lahadi, 16 ga Yuni, ranar Babbar Salla, bayan azahar

Ba a yanka komai a gidan nan ba, karo na farko tun da na yi wayo.

Shi kam Baban Luba ya yanka. Ya aiko da cinya guda a cikin sabon baho. Inna ta ce a mayar masa da abinsa. Baba ya ce ba a mayar da naman layya, a karɓa a yi godiya. Aka karɓa. Na soya da hannuna saboda yara, 'ya'yan Yaya sun daɗe ba su ga nama ba. Sun ci har suna lasar yatsa. Luba tana ta gaya musu ragon babanta ne, fari ne, ƙato ne.

Baba ya ci tuwonsa da miyar kuka. Kaltume ta ce azumi take yi. Na ce mata ba a azumi ranar salla. Ta ce ta sani.

Talata, 18 ga Yuni, da hantsi

Injiniya Rukayya ta zo gidanmu, ita kaɗai, babu hula babu rigar aiki. Ta cire takalmi tun daga zaure, ta zauna a tabarma, ta gaishe da Inna kamar 'yar gida. Inna ta juya mata baya.

Ta ce direban ya farfaɗo, yana magana, shi ma talaka ne mai 'ya'ya. Ta ce ba ta nan ranar, da tana nan da ba a shigar da mota kan shuka ba. Ta ce ta roƙi manyanta su janye ƙara, sun ce za su duba in an gama maganar fili. Ta faɗi wannan tana kallon tabarma.

Na ce, “Wato sai Baba ya ba da gonar za a sako ɗansa.”

Ta ce, “Malama, gonar an riga an karɓa. Amincewarsa kawai suke so.”

Na tambaye ta ko ta yarda da aikin nan har zuciyarta. Ta ce ta yarda. Ta ce akwai asibitocin da ake haihuwa da fitilar waya, akwai masu sana'a irin mijina ko'ina a ƙasar nan da suke zaune hannu rabbana, kuma in ba a canza hanya ba haka jikokinmu za su tarar. Ta ce abin da ba ta yarda da shi ba shi ne yadda aka yi da mu. Na ce to ta gaya musu mana. Ta ce ta gaya musu.

Na so a ce muguwa ce. Da na san inda zan ajiye haushina.

Baba yana ɗaki, ya ji komai. Da ta tafi ya fito ya ce a wanke masa farar rigarsa.

Alhamis, 20 ga Yuni, da yamma

An yi sa hannun a ƙofar gidan dagaci. Baba ya ce a ba shi alƙalami ya rubuta sunansa da ajami, kamar yadda ya saba. Suka ce yatsa ake so. Wani yaro da bai kai sa'an jikansa ba ya kama masa hannu ya dangwala.

An ce mijin nawa ma yana wurin, a tsaye a baya. An ce bai ɗago kai ba. Me zan yi da wannan?

Diyya kuma an ce tana hanya.

Baba ya yi alwalar la'asar, ya yi ta magariba, shuɗin tawadar yana nan a babban yatsansa. Na ga yana goga shi a ƙasa, da ya ga ina kallo sai ya daina.

Asabar, 22 ga Yuni, da safe

Yaya ya dawo jiya. Yana ɗingishi. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Inna ta rungume shi tana kuka, shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi. Mutane sun yi ta zuwa jaje, har da waɗanda suka fi kowa ɗaga murya ranar, suka kuma fi kowa saurin shigewa gida.

Ba wanda ya tambaye shi ko shi ya yi jifan. Ni ma ban tambaya ba.

Litinin, 24 ga Yuni, bayan azahar

Yaya ya tafi birni. Wani abokinsa zai sama masa aikin lebura a wajen gini. Ya bar Kaltume da yara wajen Inna. Manomi, a tsakiyar damina, da jaka a kafaɗa.

Na raka shi bakin titi. Mota ta tsaya. Ya ce, “Ki gaya wa mijinki ban riƙe shi ba, na bar shi da Allah. Amma kada ya miƙo mini hannu, ko a masallaci.”

Rediyon motar tana ta bayani a kan sabon tsarin wuta, wai nan da 'yan shekaru ƙasar nan za ta manta da duhu. Direban ya ce amin.

Alhamis, 27 ga Yuni, bayan magariba

An fara jera farantan sola. Daga tagar ajinmu kamar tafki, suna ƙyalli har ido ba ya iya kallo. Yara sun ce yana da kyau. Gaskiyarsu, yana da kyau. Wannan ma yana ba ni haushi.

Baba ya kira ni bayan la'asar. Ya ce in haɗa kayana in koma ɗakina. Na ce ban shirya ba.

“Uwata, auren nan ni na ɗaura shi, ba kamfani ba. An raba ni da gona, an raba ni da ɗa. Ba za a ce kuma a gidana auren 'yata ya mutu ba.”

Na ce, “Baba, ka san abin da ya yi.”

“Na sani. Ki koma.”

Da zan fita na leƙa rumbu, na ga hatsin ya kusa ƙarewa. Na gane akwai wani dalilin da bai faɗa ba.

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma

Na dawo. Tasi'u ya sa faranti ɗaya a kan rufin ɗakinmu, kamfani ya ba ma'aikata. Akwai ƙwan fitila, akwai fanka tana juyawa. Luba ta tsaya a gabanta tana buɗe baki tana dariya. Duk unguwar gidanmu ne kaɗai. Maƙwabta sun fara aiko da wayoyinsu a sa musu caji, har da waɗanda ba sa amsa sallamarsa.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na zauna. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan. Ya rame shi ma, ban yi tsammani ba.

Na ce, “Wa ya nuna musu gidan?”

Ya ce sun ce in ba a fito da mutum ɗaya ba za su kwashe samarin unguwar gaba ɗaya, kuma ya ga yadda suka riƙe bindigogin, ya san ba wasa suke yi ba. Ya ce Yaya ne a gaba ranar, kowa ya gani. Ya ce ya ɗauka kwana ɗaya zai yi a sako shi.

“Ka ga dutsen a hannunsa?”

Ya kau da kai. Na sake tambaya.

“Baban Luba, ka gani?”

“Ƙura ta yi yawa, Barira.”

Na isar masa da saƙon Yaya, kalma da kalma. Ya rufe fuska da hannu. Na tashi na ɗora tukunya, tunda dole a ci abinci.

Litinin, 1 ga Yuli, da safe

Ya ce zai kai wa Baba faranti ɗaya ya sa masa. Na ce ya gwada.

Talata, 2 ga Yuli, bayan la'asar

Ya dawo da shi a bayan babur. Baba ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce shi da wuri yake kwanciya.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan an tashi daga makaranta

Yau na canza hanya. Na gaji da ganin wayar nan, sai na zaga ta gabas, ta gonakin Alhaji Usaini, mai shagon taki. Noman farko ake yi. 'Yan ƙwadago sun jeru a kunya-kunya, yawancinsu samari, suna tafe suna waƙa. Can a ƙarshen layi akwai wani da aka bari a baya, yana sara yana tsayawa, yana dafa ƙugu.

Rigar na fara ganewa. Ni na ɗinke mata aljihu.

Inna ta ce mini kullum da safe Baba yana fita, wai zagaya gari yake yi don ƙafarsa ta saki. Ko ita ma ba ta sani ba, ko ta sani.

Alhaji Usaini a zauren Baba ya yi karatun allo. Yana zaune a inuwa a kan babur, yana danna waya.

Hanyar ta bi ta daf da kunyar da Baba yake. Babu inda zan kauce. Ya ɗago don ya share gumi, muka haɗa ido. Na rage tafiya, gwiwata ta fara lanƙwasa da kanta. Sai ya sa hannu ya jawo malafarsa ta rufe masa fuska, ya sunkuya, ya ci gaba da sara.

Na gane abin da yake roƙona.

Tun da na yi wayo ban taɓa wuce Baba a hanya ban durƙusa ba. Yau na wuce shi kamar ban san shi ba, ina jin ƙarar fartanyarsa a bayana har na kai ƙofar makaranta.